Yadda Ake Raba Ƙarfi a Gudun Fanfalaki, da Yadda Ake Jinyar Jiki Bayan An Gama

Duk wanda ya saba fitowa motsa jiki bayan sallar Asuba a Kano, ko a Filin Sukuwa ne, ko a titunan sabuwar Jami'ar Bayero, ko a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya san irin gudunmu. A taru, a tashi da ƙarfi, kowa na son a ga shi ne a gaba, bayan minti ashirin kowa ya riƙe ƙugu yana haki. Idan zufa kawai ake nema, wannan ya wadatar. Amma gudun fanfalaki, wanda ake kira gudun ya da ƙanin wani, kilomita 42 ne da mita 195, kuma wanda ya shige shi da wannan ɗabi'a tamu zai sha wuya.

Ni na sha. Karona na farko a tseren birnin Legas ne, wanda aka fara a 2016 kuma yawanci ake yin sa a watan Fabrairu. A kan doguwar gadar nan ta Third Mainland ina ta wuce mutane, ina jin jikina sakayau. Ina kaiwa kilomita 31 ƙafafuna suka ƙi. Sauran kilomita 11 da tafiya na ƙarasa su, waɗanda na wuce ɗazu suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Da na dawo Kano sai na ƙara wani kuskuren: kwana huɗu kacal na huta na koma gudu, gwiwata ta kumbura, na yi wata biyu ban sa kambas ba. Kurakuran nan biyu tushensu ɗaya ne, rashin haƙuri, kuma ba na so wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa ya maimaita su.

Mataki na farko: san saurinka da lissafi

Kafin komai, idan kana da hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, ko kana ɗauke da ƙwayar sikila ko da rukunin AS ne, ka ga likita tukuna. Wannan ba abin wasa ba ne.

Daga nan sai lissafi. Saurin gudu ana auna shi ne da mintunan da kake cinyewa a kowace kilomita. Mai son gamawa a awa 3 da rabi sai ya riƙe minti 4 da daƙiƙa 59. Awa 4 cif na buƙatar minti 5 da daƙiƙa 41. Awa 4 da rabi, minti 6 da daƙiƙa 24. Awa 5, minti 7 da daƙiƙa 7.

To wanne ne naka? Buri ba ya amsa wannan tambaya, gwaji ne ke amsa ta. Kamar mako biyar ko shida kafin tsere, ka yi gudun rabin zango, wato kilomita 21, da iyakar ƙoƙarinka. Ka ninka lokacin sau biyu, ka ƙara minti 15 zuwa 20. Idan ka yi awa 2 da minti 5, to awa 4 da rabi ne rabonka, ba awa 4 ba, ko da abokan gudunka duk awa 4 suke magana. Idan karon farko ne, ka ƙara wasu mintuna a kai, ba za ka yi nadama ba.

Mataki na biyu: koya wa ƙafa wannan saurin

Sanin lambar saurinka a kai daban, ƙafa ta san ta daban. Hanya mafi sauƙi ita ce zagayen filin wasa, wanda tsawonsa mita 400 ne. Mai neman awa 4 da rabi zai yi kowane zagaye a minti 2 da daƙiƙa 34. Ka yi zagaye 10, ka yi 15, kana duba agogo a ƙarshen kowanne, har ka kai matsayin da za ka iya faɗin lokacin kafin ka duba. Ba sai kana da agogo mai tsada ba. Na dijital na kasuwa ya isa, ko wayarka.

Sau ɗaya a mako kuma akwai dogon gudu, wanda ake ƙara masa tsawo kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 30 zuwa 32. Shi a hankali ake yin sa, da jinkirin kusan minti ɗaya a kan saurin tsere a kowace kilomita, yadda za ku iya hira da wanda ke gefenka. A wasu makonnin sai ka yi kilomita 8 ko 10 na ƙarshe da ainihin saurin tsere, domin ƙafa ta saba da riƙe shi bayan ta gaji. Dogon gudu na ƙarshe a yi shi mako uku kafin ranar, daga nan sai a yi ta ragewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ka samu ba a wata huɗu, ba za ka same shi a kwana goman ƙarshe ba.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mutanen Kano musamman. Wanda zai je tseren Fabrairu, a cikin hunturu yake atisaye: sanyin safiya, busasshiyar iska, zufa na fita tana bushewa nan take tana sanyaya jiki. Legas kuwa iskarta a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, jiki na riƙe zafi, zuciya na ƙara bugawa a saurin da ka saba. Don haka lambar da ka samu a sanyin Janairu ka sassauta mata da daƙiƙa 10 zuwa 20 a kowace kilomita. Kuma a makonni biyun ƙarshe yana da kyau ka riƙa yin gajeren gudu mai sauƙi da hantsi, jiki ya ɗan saba da zafi. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango Dutsen Dala sosai, ka rage gudu ko ka bari, ƙurar ba ta yi wa ƙirji daɗi. A watan azumi kuma kada ka yi dogon gudu da rana. Bayan Tarawihi ya fi.

Mataki na uku: jajibiri da safiyar tsere

Kwana biyu kafin tsere ka ƙara cin abinci mai sitaci, shinkafa, taliya, dankali, tuwo, ka rage mai da yaji. Daren ƙarshe ba daren wake ba ne, ba kuma daren gwada abincin garin da ka sauka ba. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, burodi da shayi da ayaba sun isa. Ka yanke farce, ka shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono, domin riga na gogar fata har ta yi jini. Kada ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa.

Sannan ka rubuta lokutanka a bayan hannu da biro. Ga mai awa 4 da rabi: kilomita 5 a minti 32, kilomita 10 a 1:04, rabi a 2:15, kilomita 30 a 3:12, kilomita 40 a 4:16. Idan gajiya ta zo, ƙwaƙwalwa ba ta iya lissafi.

Mataki na huɗu: cikin tseren

A nan ne maganar take, don haka bari in tsaya in bayyana dalili. Jiki yana da rumbu biyu. Akwai ƙarami, na sukarin da aka adana a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin. Akwai babba, na kitse, wanda ko siririn mutum yana da isasshe. Ƙaramin yana ba da ƙarfi da sauri amma ba ya isa kilomita 42. Ga yawancin mutane wajen kilomita 30 zuwa 35 yake ƙarewa. Babban ba ya ƙarewa, sai dai a hankali yake bayarwa. Iya saurinka, iya yawan abin da kake ɗiba daga ƙaramin. Wanda ya yi ɓarna da kaka, shi ke yunwa kafin damina ta faɗi. Abin da ya same ni a kilomita 31 ke nan, kuma shi masu gudu a ƙasashen waje ke kira karo da bango: ba haki ba ne, ƙafa ce kawai ke zama kamar an ɗaura mata bulo.

Saboda haka kilomita 5 na farko su ne mafi haɗari a tseren gaba ɗaya. Ka yi mako uku kana rage gudu, jiki ya cika, ga kiɗa, ga jama'a, ga ɗaruruwan mutane suna wuce ka. Saurin da ya fi ƙarfinka a lokacin ji za ka yi kamar tafiya. Ka ƙyale su. Ka yi waɗannan kilomitoci da jinkirin daƙiƙa 10 a kan lambarka. Minti ɗayan da ka rasa zai dawo, amma minti biyar da ka ci da wuri da niyyar ajiya, sai ka biya shi da minti ashirin ko talatin a ƙarshe. Kada kuma ka yi ta kutsawa hagu da dama cikin cunkoso, ƙarin tafiya ce da ba a lissafa maka.

Wani dattijo tsohon soja da muke haɗuwa da shi a Filin Sukuwa ne ya fara gyara mini wannan. Da na ba shi labarin abin da ya faru, ya ce, "Yaro, a rabin hanya yaya ka ji?" Na ce, "Baba, na ji na fara gajiya amma da sauran ƙarfi." Ya ce, "To tun a nan ka faɗi. A rabin hanya kamata ya yi ka ji kamar ba ka fara ba." Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau da ita nake auna kaina.

Manyan 'yan tsere ma haka suke yi. A Chicago a 2023, Kelvin Kiptum na Kenya ya gama a awa 2 da daƙiƙa 35. Rabin farko ya yi shi a minti 60 da daƙiƙa 48, rabi na biyu a minti 59 da daƙiƙa 47. Wato bayan ya ci kilomita 21 sai ya ƙara wuta. Mu ba za mu kusanci saurinsa ba, amma tsarin kowa na iya ɗauka.

Daga kilomita 5 zuwa 30 aikin ɗaya ne: ka hau lambarka ka zauna a kai. Gwajin da ba ya buƙatar agogo shi ne magana. Idan ba za ka iya faɗin jimla guda cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, ka yi sauri. A hawan gada ko tudu kada ka dage sai ka riƙe lambar, ka gajarta taku, ka bar agogo ya yi abin da zai yi, gangara za ta rama maka. Idan ka sami wasu masu irin saurinka ka bi bayansu, musamman inda iska ke bugowa. Idan sun ƙara sauri, ka rabu da su ba tare da kunya ba.

Ci da sha kuma tun kafin a ji bukata ake farawa. Daga minti 40 ka fara sa wani abu a baki, kana neman giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Akwai 'yan ledojin zaƙi da ake sayarwa don masu gudu, amma suna da tsada, kuma dabino yana aikin. Ƙananan dabino shida zuwa takwas a awa, an cire ƙwallon tun a gida, ko ayaba ɗaya da dabino uku. Sharaɗin kawai ka riga ka gwada a dogon gudunka, ka san cikinka ya yarda. Ruwa kuma kurɓa-kurɓa a kowace tasha, wato wurin shan ruwa a kan hanyar tsere. Ga yawancin mutane kamar ledar fiya wata ɗaya a awa, ko sama da haka kaɗan idan ana zafi. Kada ka yi ta ɗurawa don tsoro. Yawan ruwa zalla yana tsarma gishirin jini, kuma wannan yana iya kisa, musamman ga masu jinkiri da ke daɗewa a hanya. Sauran ruwan ka zuba a kai da wuya.

A kilomita 30 ka tambayi kanka gaskiya. Idan da ƙarfi, ka riƙe lambar zuwa 35, sannan ka saki abin da ya rage. Idan ƙafa ta fara nauyi, ka rage sauri da daƙiƙa 15 ko 20 a kowace kilomita nan take, tun kafin ta tilasta maka. Tafiya ta minti ɗaya a wurin shan ruwa ba faɗuwa ba ce, dabara ce. Idan tsokar sha-raɓa ta ɗaure, ka koma gefe, ka miƙar da ita a hankali, ka taka kaɗan, sannan ka ci gaba da ƙaramin taku. Kada ka ƙirga abin da ya rage gaba ɗaya, ka ƙirga zuwa tasha ta gaba.

Amma akwai inda ake tsayawa ba ja-in-ja: ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu, jin sanyi da tsigar jiki na tashi cikin rana, tangaɗi, ko ka rasa gane inda kake. Ka nemi ma'aikatan lafiya. Idan wani ka gani a wannan hali, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi kafin mota ta zo.

Mataki na biyar: awannin farko bayan gamawa

Kana tsallake layi, kada ka zube. Tsokar ƙafa ce ke taimakawa wajen tura jini sama, idan ka tsaya cak sai jini ya taru a ƙasa, jiri ya kwashe ka. Ka yi tafiya minti 10 zuwa 15. Ka cire jiƙaƙƙiyar riga, ka nemi inuwa, sannan ka kwanta ka jingina ƙafafu sama.

Cikin awa ta farko ka ci wani abu ko da ba ka jin yunwa, mai haɗa sitaci da abin gina jiki. A ganina babu kamar fura da nono idan an tabbatar da tsabtarta: ga gero, ga nono, ga sukari, ga ruwa. In babu, burodi da ƙwai, kunun gyaɗa, ko madara da ayaba. Bayan awa biyu ko uku sai cikakken abinci, shinkafa da wake da nama ko kifi.

Ruwan da ka rasa ana iya auna shi. Kowane kilo ɗaya da ya ragu a nauyinka kusan lita ɗaya ce, kuma za ka mayar da lita ɗaya da rabi a madadinta, a hankali cikin awanni, ba lokaci guda ba. A haɗa da gishiri. Ruwan gishiri da sukarin nan da iyaye mata ke yi wa yara masu gudawa ya dace: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne ma'auni. Idan ya koma fari-fari, ka isa.

Yanzu ga abin da na fi son a ji. Mun saba, da jiki ya yi tsami sai a nufi kemis a haɗo maganin ciwon jiki. Bayan gudun fanfalaki kada ka sha ibuprofen ko diclofenac, haka ma kafin tsere ko cikinsa. Ƙoda ta riga ta wahala da ƙarancin ruwa da dattin da tsoka ta zubar cikin jini, waɗannan magunguna kuma suna rage jinin da ke zuwa mata. Idan ciwon ya matsa, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙi. Tiramol kuwa ko kusa. Kuma idan ka ga fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ka yi awanni da yawa ba fitsari duk da kana sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, to asibiti kai tsaye, ba gobe ba.

Gashi da ruwan zafi da tausa mai ƙarfi, waɗanda muka gada, a jinkirta su zuwa kwana biyu ko uku. Ranar farko tsoka a ƙuje take ta ciki, ruwan sanyi ta fi so. Bororon ƙafa idan ƙarami ne a bar shi, a rufe da filasta. Farcen da ya yi baƙi zai faɗi da kansa, wani ya fito.

Sai hanyar dawowa. Daga Legas zuwa Kano ta mota tafiyar kusan kilomita dubu ce, a zaune a takure. Idan da hali ka kwana ɗaya kafin ka kama hanya. In ka shiga, duk inda aka tsaya ka sauka ka taka, kana zaune kuma ka riƙa motsa idon sawu, ka sha ruwa.

Mataki na shida: makonni huɗu na jinya

Tsamin jiki ba ranar tsere yake kaiwa maƙura ba, sai kwana ɗaya zuwa uku bayanta. Saukowa daga bene ya fi hawa wuya. Ka juya baya ka sauko kana riƙe da ƙarfe. Ruku'u da sujada ma za su yi nauyi, ka yi su a natse, wanda ya kasa kuma ya san addini ya yi rangwame.

Makon farko babu gudu, ko kaɗan. Tafiya zuwa masallaci da kasuwa, barci mai yawa har da na rana, abinci mai kyau: ƙwai, wake, kifi, nama, kankana, lemo. Ba lokacin rage ƙiba ba ne. Mura na saurin kama mutum a waɗannan kwanaki, don haka a kiyaye ƙura da sanyin Asuba. Wasu kuma sukan ji wani irin kasala a zuciya, abin da suka yi wata huɗu suna jira ya wuce. Yana faruwa, kuma yana wucewa. Ka fita wurin abokan gudu ko da riƙe musu agogo ne.

Tarkon yana kwana na biyar ko na shida, lokacin da tsami ya tafi ka ji kamar ka warke. Ciwon ne ya tafi, gyaran ciki bai ƙare ba. A nan na lalata gwiwata. A mako na biyu ka gwada minti 20 zuwa 30 a hankali, a kan ƙasa ko ciyawa maimakon kwalta, sau biyu ko uku. Idan ciwo na ko'ina ne kuma yana sakin ka bayan jiki ya ɗumama, ba komai. Idan wuri ɗaya ne da za ka iya nunawa da yatsa, a ƙwauri ko tafin ƙafa ko gwiwa, kuma yana ƙaruwa da gudu, ka tsaya a duba ƙashin. Mako na uku ka kai rabin abin da ka saba. Gudun sauri da ƙwallon yamma a unguwa su jira mako na huɗu. Ƙwallo ta fi haɗari ma, saboda juyi da birki.

Kafin ka manta, ka zauna da takarda ka rubuta lokacin kowane kilomita biyar, abin da ka ci, inda ƙafa ta fara nauyi, da yadda yanayi yake. Daga wannan za ka fitar da lambar tsere na gaba. Fanfalaki biyu a shekara sun ishi mai gudu irinmu, kuma yanayin Kano ma ya tsara mana: daga Maris zuwa Mayu zafi na kaiwa digiri 40, ba lokacin dogon gudu ba ne, sai gajere da sassafe. Da damina a sake gina jiki a hankali, a shiga tseren kilomita 10 idan an samu. Wanda ke nufin Fabrairu mai zuwa, a watan Oktoba zai buɗe takardar nan ya fara ƙirga makonni goma sha shida.